Wasan Harbi da Bindigar Haske a Gidajen Gem na Legas: Tambayoyi da Amsoshi

Duk hutun Sallah, ko ƙarshen mako idan kasuwa ta yi kyau, za ka ga 'yan'uwanmu daga Agege, Idi-Araba, Obalende da Mile 12 sun kwashi ƙanne da 'ya'ya zuwa manyan kantunan zamani. A zauren wasanni, na'urar da ta fi tara jama'a ita ce mai babban allo da bindigogin roba. Na daɗe ina wannan wasa, kuma abin da ke ci mini rai shi ne in ga mutum ya zuba kuɗin guminsa, wasan ya ƙare kafin ya gane gabansa da bayansa, ya fita yana cewa an cuce shi. Galibi ba cuta ba ce, ba a dai yi masa bayani ba. Ga tambayoyin da aka fi yi mini.

Wane irin wasa ne wannan, kuma me ya bambanta shi da gem ɗin shagon unguwa?

A shagon unguwa, inda ake buga ƙwallo a PlayStation, yatsunka ne ke tafiyar da komai. A nan kuwa bindigar roba za ka ɗauka, ka nufi allo da ita, ka ja kunama. Ba kai ke zaɓar inda za a bi ba. Wasan ne ke janka daga wuri zuwa wuri kamar jirgin ƙasa a kan layinsa, abokan gaba suna ɓullowa, naka kawai saiti da harbi da sanin lokacin ɗura harsashi.

Kamfanoni uku ne za ka fi cin karo da sunansu a jikin akwatunan. Sega da Namco na Japan ne. Sega ce ta fitar da Virtua Cop a 1994 da kuma jerin The House of the Dead, Namco kuma ta fitar da Time Crisis a 1995. Na ukun shi ne Raw Thrills na Amurka, wanda Eugene Jarvis ya kafa a 2001, kuma yawancin manyan akwatunan baya-bayan nan masu kujeru da rufi nasa ne, irin su Jurassic Park Arcade na 2015 da Halo: Fireteam Raven na 2018.

Da gaske haske bindigar ke harbawa? Ba ya illata ido?

Sunan ya samo asali ne tun 1936, lokacin da kamfanin Seeburg na Amurka ya ƙera wata na'ura mai suna Ray-O-Lite. A wancan zamanin bindigar ce ke fitar da haske, agwagwar da ake harbi kuma tana ɗauke da abin da ke jin haske a jikinta. Daga baya aka juya lamarin: bindigar ta koma ido. Ba ta harba komai, kallo take yi.

A zamanin talabijin mai doro, hoton ba ya fitowa gaba ɗaya. Wani ɗigon haske ne ke zana shi layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa, sau 50 ko 60 a cikin daƙiƙa guda. Da ka ja kunama sai allon ya yi fari fat kamar walƙiya, idon da ke bakin bindiga ya lura da lokacin da ɗigon ya gifta ta gabansa, na'urar ta lissafa daga wannan lokacin inda ka nufa. Allon zamani, wanda muke kira filasma, ba haka yake zana hoto ba, shi ya sa waccan dabara ta mutu. Yanzu a yawancin na'urori ƙananan fitilu ake jerawa a kewayen allon, masu fitar da irin hasken rimot ɗin talabijin wanda idon mutum ba ya gani. Bindigar tana ganinsu, kuma daga yadda suka bayyana mata ake gane inda bakinta ya dosa. Akwai kaɗan da bindigar ce ke aika ɗigon wannan haske, kyamara a cikin akwatin ta gano inda ya sauka.

Wanda ya fahimci cewa bindigar ido ce ya fahimci rabin wasan, don kusan duk matsalar saiti daga nan take, kamar yadda za a gani a amsar da ke kan harsashi mai sauka gefe. Hasken ba mai ƙarfi ba ne. Duk da haka a koya wa yara kada su nuna wa kowa bakin bindiga a fuska, ko da ta roba ce.

To wadda aka kafe a jikin akwati fa, ita ma ido ne da ita?

Sau da yawa a'a. Bindigar da ke zaune a kan ƙarfe tana juyawa dama da hagu, sama da ƙasa, awon juyawarta ake yi. A gindinta akwai abubuwa biyu masu aiki kamar maɓallin ƙara muryar tsohuwar rediyo, ɗaya na karkatar gefe, ɗaya na ɗagawa da sunkuyarwa. Irin waɗannan kusan kullum suna nuna alamar saiti tana yawo a kan allo, don haka alamar za ka bi da ido, ba bututun bindigar ba. Su suka fi sauƙi ga sabon shiga da kuma yaro, tunda ba nauyin da zai ɗauka.

Wannan bugun da kake ji a hannu idan ka harba, wani ɗan ƙarfe ne da maganaɗisun lantarki ke fizga a ciki, ko kuma ƙaramin inji mai girgiza. Ba shi da alaƙa da saiti.

A ina ake samun su a Legas, kuma wane lokaci ya fi?

A manyan kantuna da wuraren shaƙatawa na iyali ake fara nema, musamman ɓangaren Ikeja da Lekki. A Lekki akwai Rufus & Bee, wanda ya yi suna a kan wasannin irin wannan zaure. Na'urori kan canja, wata ta lalace a kawo wata, don haka in akwai wasan da ka ƙwallafa rai a kansa, ka kira waya ko ka duba shafinsu kafin ka shiga cunkoson hanya. Ga mutanen Agege da Iju, jirgin Jan Layi da ya fara aiki a 2024 ya rage wahalar zuwa Ikeja ƙwarai.

Ranar Sallah da washegarinta, da makon Kirsimeti, ba lokacin koyo ba ne. Layi ya yi tsawo, ƙara ta cika wuri, na bayanka yana hura maka wuta. Mai son koyo ya je ranar aiki da rana tsaka, bayan Azahar, ya samu na'ura shi kaɗai, ma'aikatan ma suna da sararin sauraronsa.

Yaya ake biya, kuma me ke sa kuɗi ƙarewa da sauri haka?

Yawancin manyan wurare sun bar kwandala. Kati za ka saya a kanta ka zuba masa kuɗi, kamar dai katin Cowry na BRT, sai ka goga ko ka ɗora shi a jikin na'ura ta cire na wasa ɗaya. Kafin ka goga, duba adadin da ke rubuce a wurin gogawar, don babbar na'ura mai kujera ta fi ƙarama tsada. Ka kuma tambaya ko abin da ya saura a katin zai jira ka zuwa wani zuwan.

Ga abin da ya kamata kowa ya sani tun farko. Abin da ka saya rai ne, ba lokaci ba. Za a ba ka rayuka kaɗan ko wani ma'aunin lafiya, idan ya ƙare sai allo ya fara ƙirge daga sama zuwa sifili yana tambayarka ko za ka ci gaba. A wannan ƙirgen kuɗin mutane ke tafiya. Jini ya hau, kana gab da kayar da bos, wato babban abokin gaba na ƙarshen mataki, abokai na ihu, hannu ya kai ga kati ba tare da shawara ba. An tsara wasannin ne matakin farko ya yi sauƙi, wuya ta biyo baya, domin da wannan ci gaban mai wurin ke biyan haya da man janareta. Ba haramun ya yi ba, sana'arsa ke nan, amma kai ma ka san naka lissafin. Ni dokata ita ce ci gaba sau biyu a wasa ɗaya, daga nan in ajiye bindiga in koma kallon wasu. Idan da yara ka je, katin ya zauna a aljihunka.

Harsashina ya ƙare, bindiga ta yi shiru. Yaya ake ɗurawa?

Kowane wasa da hanyarsa, kuma rashin sanin wannan ya fi komai kashe sabon shiga. A Virtua Cop da tsofaffin The House of the Dead, kawar da bakin bindiga za ka yi daga allon ka ja kunama. Ba sai ka sauke hannu gaba ɗaya ba, ɗan karya wuyan hannu ƙasa ya isa. A The House of the Dead 4, na 2005, girgiza bindigar ake yi. A Big Buck Hunter, wasan farautar barewa da ya fara fitowa a 2000, hannun gaban bindigar ake ja baya a mayar bayan kowane harbi. Wasu kuma maɓalli ne a ƙasa, wurin gidan harsashi, sai ka buga shi da tafin hannu. Manyan bindigogin da aka kafe sau da yawa ba sa buƙatar ɗuri ko kaɗan. Time Crisis nata daban ne, duba amsa ta gaba.

Kafin ka biya, tsaya ka kalli allon na minti ɗaya. Na'urar da ba kowa a kanta tana nuna yadda ake wasan da hotuna, ko ba ka jin Turanci za ka gane. Kuma kada ka jira sai harsashi ya ƙare ƙarƙaf. Duk lokacin da allo ya ɗan lafa, ɗura.

Mene ne amfanin fedar da ke ƙasan Time Crisis?

Ita ce ran wasan, kuma ita ce dalilin da ya sa har yau nake fifita shi a kan duk sauran. Muddin ƙafarka ba ta kan feda, mutuminka yana ɓoye a bayan bango ko akwati, harsashi ba ya samunsa, bindigarsa kuma tana cika da kanta. Da ka taka sai ya leƙo ka yi harbi. Ka ɗaga ƙafa ya koma maɓoya. Sai dai agogo na tafiya a kan allo, in ka daɗe a ɓoye lokaci ya ƙare ka yi asarar rai. Wasan ya zama na auna tsoro da gaggawa, wanda sauran ba su da shi.

Ba kowane harsashin abokan gaba ne ke samunka ba, yawancinsu iska suke harbi. Daga Time Crisis na biyu zuwa gaba, wanda zai same ka yana zuwa da jan walƙiya. Da ka ga ja, ɗaga ƙafa. Sojoji masu jajayen kaya su suka fi iya saiti, da su ake farawa. Daga Time Crisis na uku an ƙara zaɓin makami: kana ɓoye, ka ja kunama ka sauya tsakanin ƙaramar bindiga, mai sarrafa kanta, mai watsa harsashi da gurneti. Time Crisis 5 na 2015 ya zo da feda biyu, dama da hagu, don ka zagaya ka ɓullo wa abokin gaba ta gefen da ba shi da kariya. Shawara ƙarama: da silifas mai santsi wasan na wahala, takalmi mai kama ƙafa ya fi.

Na saita daidai amma harsashi na sauka gefe. Laifina ne ko na na'urar?

Gwada ka gani. Da wasa ya fara, kafin a rufe ka da harbi, auna kusurwoyin allon huɗu da tsakiya ka harba ɗaya-ɗaya. In kowane harsashi yana sauka ɗan hagu da inda ka nufa, saitin bindigar ne ya goce. In wani ɓangaren allon ne kawai ba ya karɓa, ko alamar na tsalle, to wata fitila ta mutu ko ƙura ta rufe ta. Ka tuna bindigar ido ce: gilashin bakinta in ya yi maiƙon hannu ko ya karce, ba ta gani sosai. Hasken rana da ke shigowa ta taga ya bugi allo shi ma yana ruɗa ta, don rana na ɗauke da irin wannan hasken na rimot. Haka nan in ka matsa jikin allo sosai, wasu fitilun kan fita daga ganinta. Tsaya inda igiyar ta kai ka cikin sauƙi.

Kyamarar wasu wayoyi tana ganin waɗannan fitilu a matsayin ɗige-ɗige masu launin shunayya. Ka nufi gefen allon da ita, in ka ga giɓi a jerin, ka gano matsalar.

Na taɓa ƙarar da wasa uku a wani zaure ina zargin hannuna, sai wani ma'aikaci ya buɗe ƙofar akwatin, ya shiga shafin gyara, ya harbi alamomin da suka fito, cikin ɗan lokaci bindiga ta dawo daidai. Tun ranar ba na shiru. Ka kira ma'aikaci cikin girmamawa, ka nuna masa a aikace, ka nemi a saita ko a mayar maka da wasanka a wata na'urar. Ka yi hakan tun farkon wasa, ba bayan ka mutu ba.

Bindigar lafiyarta lau, amma ina mutuwa da wuri. Me zan gyara?

Na farko, daina harbin kan mai uwa da wabi. Ba duk wanda ke kan allo ne ke shirin cutar da kai ba a wannan lokacin. Virtua Cop na zagaye mai hatsari da wani da'ira mai rikiɗewa zuwa ja, sauran wasanni ma suna da alamarsu. Wanda ke kusa, da abin da aka jefo maka, gatari ne ko wuƙa ko roka, su ne farko, kuma yawancin abin da aka jefo ana iya harbe shi a iska.

Na biyu, riƙo. Hannu biyu, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe kusa da jiki, bindiga daidai tsayin ido. Mai miƙe hannu ɗaya kamar jarumin fim kafaɗarsa za ta gaji tun kafin bos na farko. Ja kunama da kan yatsa a hankali, fizga tana karkatar da baki.

Na uku, kula da waɗanda ba su ji ba su gani ba. Harbin farar hula na cin rai a wasanni da yawa, ceto shi kuma a The House of the Dead kan kawo ƙarin rai ko ya buɗe wata hanya. A can abokan gaban gawarwaki ne masu tafiya, a kai ake harbinsu, kuma kafin kowane bos ana nuna maka inda lagonsa yake, don haka kada ka waiwaya yin hira a lokacin. A Big Buck Hunter namiji mai ƙaho kaɗai ake harbi, ka taɓa mace zagayenka ya ƙare. Abu mafi muhimmanci kuwa, abokan gaba daga wuri ɗaya suke fitowa kullum. Kallon wasan wani kyauta ne, kuma haddar da za ka yi a tsaye a bayansa ta fi ci gaba biyar amfani.

Mu biyu ne, ni da ƙanina. Ya fi sauƙi?

Ya fi, in kun raba aiki: kowa ya tsare ɓangarensa na allo, kuma kada ku ɗura harsashi lokaci guda. Kowa da kuɗinsa ake cirewa. A Deadstorm Pirates na Namco, in kuka haɗa saiti a wuri ɗaya harbin na ƙara ƙarfi, har da sitiyarin jirgin ruwa da ake juyawa. Halo: Fireteam Raven kuwa babban akwatinsa na ɗaukar mutum huɗu.

Ya dace in bar yarana su buga?

Ba duka ba. The House of the Dead akwai jini da fuskoki masu firgitarwa, kuma Scarlet Dawn na 2018 a cikin rufaffen akwati ake zama, kujera na girgiza, iska na buso maka a fuska. Ni ba na shigar da ɗan firamare ciki. Na'urorin da aka yi wa kasuwar Amurka sukan zo da 'yar takarda a manne: kore na kowa da kowa, rawaya akwai ɗan faɗa, ja kuma mai tsanani. In ba ka ga takardar ba, kallon minti ɗaya da na ambata a amsar ɗura harsashi ya isa ka yanke hukunci. Akwai na harbin alamomi irin Point Blank na 1994, akwai kuma na feshin ruwa da aka yi don ƙanana.

Wanda ke da farfaɗiya, babba ko yaro, kada ya buga sai da izinin likitansa, don walƙiyar allo na iya tayar da ita ga wasu. Wanda ya ji jiri ko ciwon kai ya fito ya huta.

Malam, wannan ba caca ba ce?

A wasan harbin da nake bayani, ka biya ne don ka yi wasa, ba kuɗin da ke dawo maka ko ka ci ko ka faɗi. Ladarka maki ne da rubuta haruffan sunanka a allo. Amma a zaure ɗaya akwai na'urori masu fitar da tikiti da ake canjawa da kyauta, wasunsu sa'a ce zalla, wasu ma da bindiga suke zuwa. Waɗannan daban ne, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya kai wa malaminsa bayanin yadda suke aiki dalla-dalla. Abin da na fi gani yana cutar da mu shi ne lokaci: ba taga, ba agogo a bango, La'asar ta wuce ba a sani ba. Saita ƙararrawa a waya kafin ka shiga.

Yana koya wa mutum harbin gaske?

A'a. Ba nauyin ƙarfe, ba bugun gaske, ba nisa ba iska. Na san dalilin tambayar. Da yawanmu muna da dangi a garuruwan da bindiga ta raba da gidajensu, kuma akwai wanda ƙarar harbi ko ta wasa ce ke tayar masa da abin da ya gani. In kun je da irin wannan baƙo daga gida, a tambaye shi tukuna, in ya ƙi kada a matsa masa. Wasan tseren mota na nan a gefe.

An ɗauke wuta ina tsakiyar wasa. Kuɗina ya tafi?

Wasan kam ya tafi, don na'urar daga farko za ta tashi idan janareta ya karɓa. Kada ka bar wurin. Kira ma'aikaci nan take ya ga kai ne a kai, ka nemi a mayar maka da na wasa ɗaya.

Zan iya yin irinsa a gida?

Tsofaffin bindigogi irin Zapper na Nintendo, wadda aka yi Duck Hunt da ita a 1984, da GunCon na PlayStation ta farko da ta biyu, sai da talabijin mai doro. In ka ci karo da su a gwanjon Alaba, kada ka saya da niyyar haɗawa da filasma. Nintendo Wii na 2006 yana aiki da allon zamani, tunda 'yar sandar da ake ɗorawa a kan talabijin irin fitilun nan ne a cikinta. Ga mai kwamfuta akwai Sinden Lightgun daga Ingila, mai kyamara a baki, wadda ke bin wani farin layi da ake zanawa a kewayen hoton. Tana buƙatar haƙurin saitawa.

In ka sayi irin wannan, zaɓi mai launi mai haske, ja ko shuɗi, ba baƙa ba. Ka ɗauko ta a cikin kwalinta da rasit a hannu, kada ka zura ta tsirara a jaka ka hau danfo ko ka ratsa shingen bincike da dare. A gida ma ta tsaya a ɗaki, kada yaro ya fita da ita ƙofar gida.